Me ya sa mai shan ƙwaya yake ta ƙari alhali ya daina jin daɗinta?

Ɗalibar Jinya:

Assalamu alaikum. Tambayata ga likitoci da masu haɗa magunguna da ke nan. Wanda ya daɗe yana shan ƙwaya yakan ce daɗin da yake ji da farko ya tafi, wani ma ya ce ya tsane ta, amma bai gama da ta hannunsa ba ya fara lissafin ta gaba. Idan daɗi ne ke jan mutum, ai da daɗin ya tafi sai jan ma ya tafi. To me ke jansa? Sannan me ya sa wanda ya yi wata uku bai taɓa ba, gumi da amai duk sun wuce, rana ɗaya sai ƙishin ya taso masa kamar jiya ya daina? Kuma a aikace me ake yi idan ya taso, akwai maganin da ke kashe shi? Don Allah a yi mini dalla-dalla, "ya daure ya yi haƙuri" kam na ji shi sau ba adadi.

Likitan Ƙwaƙwalwa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Inda kika yi tuntuɓe nan masana ma suka daɗe suna tuntuɓe. A 1954 James Olds da Peter Milner suka sa wa ɓeraye siririyar waya a cikin ƙwaƙwalwa, suka haɗa ta da wani ɗan mataki. Duk sanda ɓera ya taka, sai ɗan lantarki ya taɓa wajen. Ɓeran ya riƙa takawa sau ɗaruruwa a awa guda. Aka ce an gano gidan daɗi, daga baya aka ce sinadarin dofamin shi ne ruwan daɗin.

Wannan fahimtar ba ta amsa tambayarki. Wadda ta amsa ita ce ta Terry Robinson da Kent Berridge na Jami'ar Michigan a 1993: kwaɗayi daban, daɗi daban, kuma kowanne da hanyarsa a ƙwaƙwalwa. Ɓeran da aka ƙarar masa da dofamin, idan aka ɗiga masa ruwan sukari a baki zai lashe leɓe kamar kowane ɓera, wato yana jin zaƙin, amma ba zai tashi ya nemi abinci ba ko da yana gabansa. Dofamin na nema ne. Shi ke manna wa abu tambarin "tashi ka samo". Idan mutum ya yi ta maimaita ƙwaya, ɓangaren daɗi yana dakushewa saboda sabo, ɓangaren nema kuwa ƙara kaifi yake yi. Hanyoyin biyu sun rabu ke nan, ɗaya ta gangara ɗaya ta haura. Ki duba sigari: daɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma ƙishinsa na cikin mafi wuyar bari.

Wolfram Schultz ya nuna yadda abin ke komawa kan alamomi. Yana ba biri ruwan 'ya'yan itace yana auna jijiyoyin dofamin. Da farko suna harbawa lokacin da ruwan ya taɓa harshe. Da birin ya gane cewa fitila ce ke kunnawa kafin ruwan ya zo, sai harbin ya koma kan fitilar. Idan fitila ta kunna ruwa bai zo ba, dofamin yakan faɗi ƙasa da yadda yake a da, daidai lokacin da ake sa ran ruwan. Ki sa mai shan ƙwaya a wurin birin. Fitilarsa ita ce lungun da ya saba tsayawa, muryar wani aboki a waya, ƙarar ɓare ƙwaya daga katinta, shigowar kuɗi, wani lokaci na yamma. Alamar ta kunna nema, ƙwaya ba ta zo ba, sai ya ji wani rami a ƙirji. Bambancin ƙwaya da abinci shi ne, abinci idan ya zama abin da aka saba dofamin yana lafawa, ƙwaya kuwa da ƙarfin sinadari take matso shi kowane karo, don haka darasin ba ya ƙarewa.

Akwai tushe na biyu, wanda George Koob ya fi yin aiki a kai. Ƙwaƙwalwa ba ta son a karkatar da ita. Idan ƙwaya ta tura ta gefe guda, sai ta turo daga ɗaya gefen: ta rage makarɓan dofamin, wato wuraren da yake maƙalewa a jikin jijiya kafin ya yi aiki (hotunan ƙwaƙwalwa da Nora Volkow da abokan aikinta suka ɗauka sun nuna raguwar irin da ake kira D2 a masu shan hodar iblis da barasa da hiroyin), ta kuma ƙara kunna sinadaran fargaba da ƙunci. Daga nan mutum yana sha ne don ya dawo daidai. Abinci ba armashi, hira ba armashi, barci ya ƙi. A lokaci guda gaban ƙwaƙwalwa, wanda shi ne birki, aikinsa ya yi rauni.

Maganar wata uku kuma, a 2001 Jeffrey Grimm da Yavin Shaham da abokan aikinsu suka gwada ɓerayen da suka saba da hodar iblis. Aka yanke musu, aka nuna wa wasu alamar bayan kwana 1, wasu bayan kwana 60. Na kwana 60 sun fi na kwana 1 haukacewa wajen nema. An ga irin wannan a mutane ma, da sigari da barasa da metamfetamin. Ƙishin da ke zaune da mutum dare da rana yana raguwa da makonni, amma wanda alama ke tayarwa yakan ƙara ƙarfi na wasu watanni kafin ya fara sauka. Sharrin abin shi ne daidai wannan lokacin mutum da danginsa suke sakin jiki. A 2013 littafin DSM-5 na likitocin ƙwaƙwalwar Amurka ya sa ƙishi cikin alamomi 11 na cutar kamuwa da ƙwaya: 2 zuwa 3 a cikin wata 12 mai sauƙi ce, 4 zuwa 5 matsakaiciya, 6 zuwa sama mai tsanani. Kuma ko mutum ya daina ya shiga sahun masu samun sauƙi, ƙishi ne kaɗai alamar da aka yarda tana iya ci gaba da kasancewa.

Mai Haɗa Magani:

Dakta ya yi bayanin ƙwaƙwalwa, ni bari in ƙara da agogo, domin abu biyu ke nuna yadda ƙwaya za ta riƙa kiran ƙari: saurin shigarta da saurin fitarta.

Abin da aka zuƙa ta huhu yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙu, nikotin 10 zuwa 20. Allurar jijiya kusan haka. Na shaƙa ta hanci mintuna ne. Na haɗiya rabin awa zuwa awa. Gwargwadon kusancin aiki da sakamakonsa, gwargwadon yadda ƙwaƙwalwa ke ɗaure su tare. Ki yi lissafin mai shan kara 20 a rana, kowane kara zuƙa kamar 10: darasi 200 ke nan a yini, sama da 70,000 a shekara. Rabin nikotin yana barin jini cikin awa 2, shi ya sa da gari ya waye jini ya yi fayau. Likitoci sukan tambayi minti nawa bayan farkawa mutum ke kunna karan farko. Ƙasa da minti 30 alama ce ta kamu sosai, ƙasa da 5 ya fi tsanani.

Hodar iblis ta zuƙa mayenta minti 5 zuwa 15 ne, sai faɗuwa. Kuma jiki yana sabawa tun a zama ɗaya, don haka ta biyu ba ta kai ta farko, ta uku ba ta kai ta biyu. Mutum ya yi ta bin abin da ba zai kamo ba har kuɗi ko ƙarfi ya ƙare, zuciya da jijiyoyin jini kuwa suna ɗaukar nauyin kowane ƙari.

Kodin da tiramadol sai hanta ta juya su kafin su yi cikakken aiki, kodin zuwa mofin. Sinadarin hantar da ke wannan aikin ba ɗaya yake a kowa ba, wani jikinsa yana juyawa da sauri ƙwarai, wani da ƙyar. Adadin da bai yi wa wani komai ba yana iya tsayar da numfashin abokinsa. Tiramadol iyakarsa a likitance miligiram 400 ne a yini, kuma mai bin ƙishi ya wuce nan farfaɗiya ce ke jiransa, wani ma ba ya kai nan take kama shi. Wasu ƙwayoyin kodin haɗe suke da farasitamol, mai ƙari yana ƙirga kodin ya manta farasitamol, wanda fiye da giram 4 a yini yana iya lalata hanta ba tare da wani zafi na gargaɗi a ranar farko ba.

Magani kuwa akwai, amma ya danganta da abin da ake sha, kuma duk a hannun likita.

Ga dangin hiroyin da mofin da kodin da tiramadol, metadon da bufrenofin su ne suka fi ƙarfin hujja. Suna zama a makarɓan da ƙwayar ke zama, amma a hankali suke shiga kuma suna daɗewa, sha ɗaya ya riƙe mutum yini da kwana. Babu hawa babu faɗuwa, ƙishin ya lafa. Kuskuren da aka fi yi da bufrenofin shi ne fara shi da wuri. Yana riƙe makarɓa da ƙarfi ya ture abin da ya tarar, amma aikinsa rabi-rabi ne, don haka idan akwai sauran ƙwaya a jiki sai ya jefa mutum cikin ciwon yankewa nan take. Dole a jira kamar awa 12 zuwa 24 bayan shan ƙarshe na ƙwaya mai gajeren aiki, sai an ga hamma da yoyon hanci da tashin tsigar jiki da buɗewar ƙwayar ido. Naltirezon toshe makarɓan yake yi, miligiram 50 a rana ko allurar 380 a wata, kuma shi sai an yi kwana 7 zuwa 10 ba a taɓa komai na wannan dangin ba.

Barasa: naltirezon ɗin dai, ko akamfroset, galibi miligiram 666 sau uku a rana, a rage ga mai matsalar ƙoda. Disulfiram ba ya taɓa ƙishi, sa mutum rashin lafiya yake yi idan ya sha. Sigari: filastar nikotin ta miligiram 21 ga mai wuce kara 10 a rana, a haɗa da cingam ko alewar nikotin don ƙishin da ke tasowa farat ɗaya. Haɗin ya fi ɗaya kaɗai aiki, kuma yawancin waɗanda suka ce bai yi musu ba, kaɗan suka yi amfani da shi ko suka bari da wuri. Akwai kuma fareniklin na mako 12. Hodar iblis da metamfetamin da wiwi har yanzu ba su da maganin ƙishi da hukumomin magunguna suka amince da shi.

Gargaɗi ɗaya: wanda ya kamu da barasa sosai ko dangin diyazafam kada ya yanke rana ɗaya. Farfaɗiyar yanke barasa takan zo cikin kwana biyun farko, ruɗewa mai iya kisa a kwana na 2 zuwa 4. Diyazafam da ire-irensa rage su ake yi kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni.

Ɗalibar Jinya:

Na gode ƙwarai, Dakta da Malam. Amma batun metadon ɗin nan, ba a yi gudun gara an faɗa gidan zago ba? Ai shi ma ɗan dangin ne.

Likitan Ƙwaƙwalwa:

Ɗan dangin ne, kuma jiki yana sabawa da shi, ba a ɓoye wannan. Amma abin da ke rusa rayuwa shi ne hawa da faɗuwa sau uku ko huɗu a yini, da kashe yinin gaba ɗaya wajen nema. Wanda aka daidaita wa adadinsa ba ya maye, yana aiki, yana barci. Bincike da dama sun nuna mace-mace na raguwa da kusan rabi ko fiye muddin mutum yana kan metadon ko bufrenofin, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin muhimman magunguna tun 2005. Zagon gaske shi ne a ba mai ƙishi diyazafam ko firegabalin ba lissafi don ya samu barci. Metadon ma yana da nasa haɗarin a mako biyun farko, domin taruwa yake yi a jiki, shi ya sa ake farawa da kaɗan a ƙara a hankali.

Mai Ba Da Shawara:

'Yar'uwa, tambayarki ta uku ce aikinmu na kullum. Ƙishi yana da tsawon rai. Na sigari mintuna kaɗan ne, na sauran galibi yakan haura, ya kai ƙololuwa, ya sauka cikin minti 15 zuwa 30, in dai ba a ciyar da shi ba. Ciyarwar ita ce zama a gaban alamar, ko riƙe waya ana duba lamba, ko fara ciniki da zuciya. Mai ƙishi ba ya yarda zai wuce sai ya auna da kansa, don haka da takarda ake farawa. Mako ɗaya ko biyu, duk sanda ya taso ya rubuta ƙarfe nawa, ina yake, da wa, me yake ji kafin nan, ƙarfinsa daga 0 zuwa 10, da minti nawa ya yi. Mutum yakan zo yana cewa "kullum ne, ba ya barina", takarda ta nuna sau huɗu ne a yini, uku daga ciki bayan tashi daga aiki.

Da an ga tsarin sai a datse abin da zai datsu: a goge lambobi tare da tarihin kira da saƙonni, a zubar da kayan sha har da leda da kwalba da ashana, a sauya hanyar komawa gida, a bar kuɗi a hannun wani amintacce a watannin farko. Wannan ba ragwanta ba ce. Lee Robins ta bi sojojin Amurka da suka dawo daga Biyetnam a farkon shekarun 1970. Kusan kashi 20 cikin 100 sun ce sun kamu da hiroyin ko danginsa a can, amma cikin waɗannan kusan kashi 5 ne kawai suka sake kamuwa a shekarar farko da dawowa. Wuri ya sauya, abokai sun sauya, samu ya yi wuya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kai na sanyi ake rubuta shiri da kalmomi tsayayyu: idan wane ya kira, ba zan ɗauka ba, zan kira wane; idan albashi ya shigo, kafin awa guda na tura shi wuri kaza. "Zan yi ƙoƙari" ba shiri ba ne.

Idan ya taso, ƙafa ce farko, a bar wajen. A duba agogo a ce minti 20, ba a ce har abada ba, har abada ya fi ƙarfin mai ƙishi. Sannan a nemo inda yake a jiki: bushewar baki, matsewar ƙirji, ƙullewar ciki, gumin tafin hannu. A ja numfashi ana ƙirga huɗu, a sake ana ƙirga shida, a riƙa ba shi maki duk bayan minti biyu ana kallon yadda 8 ke komawa 6. Alan Marlatt ne ya yaɗa wannan dabarar, ya kwatanta ta da hawa igiyar ruwa har ta kwanta. Kada a ce wa mutum "cire shi daga ranka". Daniel Wegner a 1987 ya hana mutane tunanin farar dabbar beyar, tunanin ya ƙara yawa bayan an sake su. Abin da ya fi shi ne aikin da ke cinye ido da hannu, ko tafiya da sauri ta minti 10, ko magana da mutum a faɗa masa ƙarara "ƙishi ya taso mini". Yunwa da fushi da kaɗaici da gajiya su ne ke rage ƙarfin birki, rashin barci ma haka. A kula da ranar farin ciki ma, mutane da yawa a ranar murna suke zamewa.

Nan zan ɗan ja da masu cewa gudun alama ya isa. Ba a gudu har abada, wata rana sai an bi ta lungun. Kuma gwajin nuna wa mutum alama a ɗakin asibiti har ya daina ji bai ba da sakamakon da aka sa rai ba, domin ƙwaƙwalwa takan koyi cewa a ɗakin nan ne babu ƙwaya, da ya fita waje sai tsohon darasi ya dawo. Gara a koma wa alamomin a inda suke, ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi, tare da rakiya, bayan watannin farko.

"Ɗaya kawai" ita ce tarko mafi girma, domin ɗan kaɗan ɗin da kansa alama ce, ita ce ma mafi ƙarfi, tana kunna nema ba ta kashe shi. Barasa kuma ƙofa ce ga mai barin hodar iblis ko sigari. In an zame, tunanin "tunda na ɓata bari in ƙarasa" ne ke mayar da sha ɗaya mako guda. A tsaya nan, a faɗa wa wani a ranar, a koma takarda a ga me ya gabata. Ga masu hodar iblis da metamfetamin, abin da ya fi nuna aiki shi ne tsarin lada: a gwada fitsari sau biyu ko uku a mako, duk sanda ya fita tsaf a ba da ɗan tukuici nan take, yana ƙaruwa idan an jera. Wasu suna raina shi, amma da harshen da dofamin ke ji yake magana.

Nas Ta Gaggawa:

Ƙanwata, ki riƙe wannan tunda jinya kike karanta. Ƙishi yana daɗewa, sabon jiki kuwa cikin kwanaki zuwa makonni yake zubewa. Wanda ya yi wata guda bai sha dangin hiroyin ba, idan ya koma gidan jiya da adadin jiya, jikinsa na yau ba zai ɗauka ba. Binciken Ingrid Binswanger na 2007 a jihar Washington ta Amurka ya gano cewa a mako biyun farko bayan fita daga kurkuku, haɗarin mutuwa ta shan da ya wuce kima ya ninka na sauran jama'a sau 129. Fita daga asibiti ko gidan gyaran hali, ko barin naltirezon, duk irin wannan gaɓar ce. Haɗa ƙwayar da barasa ko diyazafam ko firegabalin yana ƙara danne numfashi, shan mutum shi kaɗai a ɗaki a kulle kuma yana hana a cece shi.

Alamomin su ne mutum ba ya farkawa ko an murza masa ƙashin ƙirji da ƙarfi, numfashi ya yi jinkiri ko ya koma minshari mai kama da shaƙewa, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, leɓe da farce sun sauya launi. Minsharin nan ne ke yaudarar dangi su ce a bar shi ya yi barci. A kira agajin gaggawa, a ba shi nalozon, maganin da ke ture dangin hiroyin daga makarɓansu, ta hanci ko ta allurar tsoka, idan bai motsa ba bayan minti 2 zuwa 3 a ƙara. In ba ya numfashi a hura masa, in yana yi a kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa komai a baki.

Nalozon aikinsa minti 30 zuwa 90 ne, ƙwayar kuwa tana iya fin haka daɗewa, musamman metadon. Zai farka cikin ciwon yankewa, a fusace, da ƙishi mai tsanani, yana neman ya tashi ya tafi ya ƙara. Idan ya ƙara a wannan lokacin, nalozon na janyewa sai tsohuwar da sabuwar su haɗu a kansa. Don haka a zauna da shi har ma'aikatan lafiya su karɓe shi, ko da ya rantse ya warke.